Bayyana Motsa Jiki a Kafofin Sada Zumunta: Zaburarwa ce ko Takura?

Tun da wayar hannu ta iya ƙirga taku da auna tazara, wata al'ada ta yaɗu a duniya. Mutum zai fita sassarfa da sanyin safiya, kafin gumi ya bushe ya ɗora taswirar hanyar da ya bi da yawan kilomitocin da ya ci a Facebook ko Instagram ko Strava. Wasu daga cikin abokansa kan ɗaura takalmi su bi sahu, wasu kuwa sai su ja tsaki su ce nuna isa ce kawai. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa kowane ɓangare yana da tasa hujjar.

Asalin wannan bincike ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A shekarar 1898, Norman Triplett na Jami'ar Indiyana ta Amurka ya lura cewa masu tseren keke sun fi sauri idan suna tare da abokan karawa. Sai ya sa yara 40 naɗe zare a faifai irin na fatsa, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci cikin gasa. Yara 20 sun ƙara sauri a gasar, 10 ba su canza ba, 10 kuwa sun rikice har saurinsu ya ragu. Manomin da ya taɓa shiga gayya ba zai yi mamakin rabin farko ba. Rikicewar nan ta yara 10 ita ce aka fi mantawa da ita. A 1954 kuma Leon Festinger ya bayyana cewa idan mutum ya rasa ma'aunin da zai auna iyawarsa, da mutanen da ke kewaye da shi yake aunawa.

Gwada wannan a kafofin sada zumunta yana da wuyar sha'ani, domin masu son gudu da masu son gudu suke abota tun farko. To, ta yaya za a gane cewa wani ne ya zaburar da wani? Sinan Aral da Christos Nicolaides na cibiyar MIT sun warware matsalar da dabara mai ban sha'awa, wato amfani da yanayin sama. A ce abokai biyu suna zaune a garuruwa masu nisa, ɗaya garinsa ya yi garau ya yi gudu mai tsawo, ɗayan kuma garinsa na nan yadda yake. Idan na biyun ya ƙara nasa gudun a ranar, ba yanayin garinsa ne ya sa ba, ganin na abokinsa ne. Sun bi bayanan mutane miliyan 1.1 da suka yi gudun kilomita fiye da miliyan 350 cikin shekara 5, suka buga sakamakon a 2017. Sun gano cewa idan abokan mutum suka ƙara kilomita 1, shi ma yakan ƙara kusan mita 300. Abin mamakin shi ne, wanda bai kai mutum ƙwazo ba ya fi zaburar da shi fiye da wanda ya fi shi. Wato tsoron kada na baya ya cim masa ya fi burin kamo na gaba ƙarfi. Haka kuma maza kan kwaikwayi maza da mata, amma mata mata kaɗai suke kwaikwaya.

A 2014, Jami'ar Fensilbeniya ta raba ɗalibai kusan 800 gida huɗu na tsawon mako 11. Waɗanda aka riƙa nuna wa matsayinsu a jerin abokai sun fi kowa halartar azuzuwan motsa jiki. Rukunin da aka bari da ƙarfafa wa juna gwiwa ta hira kaɗai shi ne ya zo na ƙarshe.

Takurar kuwa daga irin abin da ake nunawa take fitowa. A 2015, Marika Tiggemann da Mia Zaccardo na Jami'ar Flinders a Ostareliya sun nuna wa ɗalibai mata 130 hotuna daga Instagram, wasu na masu murɗaɗɗen jiki, wasu na wuraren yawon buɗe ido. Waɗanda suka kalli na farkon sun ce sun ji sha'awar motsa jiki, amma ransu ya ɓaci, kuma sun ƙara raina surar jikinsu. Ke nan labarin tazarar da aboki ya ci daban yake da hoton jikin baƙo. Na farko mataki ne da za a iya kamowa gobe, na biyu kuwa sau da yawa halitta ce da haske da gyaran hoto.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta nemi yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum. Malamin wasanni da ke son cim ma wannan ta hanyar allon gasa zai fi samun biyan bukata idan ya jera ɗalibai masu kusancin ƙarfi a rukuni ɗaya, ya rubuta mintoci da tazara, ya bar nauyin jiki da hotuna a gefe.