Gamin Ƙarfe da Tangaran: Halinsa Wajen Ɗaukar Zafi da Lantarki

Gabatarwa

Duk macen da ta yi girki da tukunyar ƙasa da ta ƙarfe ta san bambancinsu. Ta ƙarfe takan yi zafi nan da nan, ta kuma huce da wuri, alhali ta ƙasa sai an yi haƙuri da ita. Wannan maƙala za ta duba abin da yakan faru idan aka cuɗa ƙarfe da tangaran suka zama jiki ɗaya, watau abin da Turawa suke kira samet.

Halin Kowannensu

A cikin ƙarfe akwai ƙwayoyin lantarki da suke yawo a sake, su ne suke ɗaukar lantarki, su ne kuma suke ɗaukar mafi yawan zafi. A yawancin nau'o'in tangaran kuwa ƙwayoyin a ɗaure suke, shi ya sa ake ɗora wayar wuta a kan kaskon tangaran a bisa turaku. Zafi yana ratsa tangaran ne ta hanyar girgizar ƙwayoyin jikinsa. Sai dai tangaran ya fi jimirin wuta: jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085 na ma'aunin Salshiyos, amma tangaran na alumina sai ya haura digiri 2000. Aibinsa shi ne saurin fashewa.

Yadda Ake Gamin

Akan gauraya garin ƙarfe da na tangaran, a matse, a gasa har su kama juna. A 1923 ne Karl Schröter na ƙasar Jamus ya yi rajistar gamin tangistan-kabayid da kobal, wanda daga baya kamfanin Krupp ya sayar da sunan Widia. Har yau da irinsa ake yin bakin kayan yankan ƙarfe.

Lantarki

Lantarki ba ya ƙaruwa a cikin gamin daidai da yadda ake ƙara ƙarfe. Muddin ƙarfen kaɗan ne, ƙwayoyinsa suna zaune a warwatse kamar tsibirai, tangaran ya raba tsakaninsu, wuta ba ta samun hanya. Da zarar sun yi yawan da za su taɓa juna daga wannan gefe zuwa wancan, sai hanya ta buɗe gaba ɗaya. Alal misali, a gamin nikel da zakoniya hakan yana aukuwa ne idan nikel ya kai kimanin kashi 30 cikin 100 na girman jikin. Zafi kuwa ba ya yin irin wannan tsalle, domin tangaran ma yana ɗaukar nasa rabo.

Zafi da Kumbura

Kusan kowane abu yakan kumbura in ya ji zafi. A kowane digiri ɗaya, tsawon alminiyum yana ƙaruwa da kashi 23 cikin miliyan, na jan ƙarfe 17, na silikon kuwa kimanin 3 kawai. Ke nan idan aka girka na'urar silikon a kan farantin jan ƙarfe, kullum suka yi zafi suka huce sai su yi ta jan juna, har mahaɗarsu ta tsage, na'ura ta ƙone. Maganin da aka samo shi ne gamin alminiyum da silikon-kabayid. Yana fitar da zafi sosai, ga rashin nauyi, kumburinsa kuma bai wuce kusan rabin na jan ƙarfe ba. Da irin wannan faranti ake tallafe na'urorin sarrafa wuta a jiragen ƙasa masu aiki da lantarki.

Kammalawa

A taƙaice, abin da mai jin labari zai ɗauka gamin gambiza ne ya zama auren dacewa. Ƙarfe yana kawo hanyar lantarki da hana fashewa, tangaran yana kawo tauri da jimirin wuta. Gwanintar masana tana ga sanin mudun da za a auna wa kowannensu, gwargwadon aikin da ake nufi.