Gajeriyar Jitar Bes: Darasi Daga Hanyar Birnin Gwari

'Yan uwana ɗalibai, da yawanku kun sha ganina ranar Juma'a da jaka a baya ina sauri zuwa tashar Mando. Jitar bes ce a ciki, kuma da ita nake biyan kuɗin makaranta tun ND I. Mu huɗu ne: mawaƙi, mai piyano, mai ganga da ni. Tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, bukukuwa suka fara dawowa, mu ma muka samu abin yi a gida.

Da farko doguwar bes nake kaɗawa, ta aro. Wata rana aka cusa ta a but ɗin Golf, aka ɗora buhun masara a kai. Kafin mu wuce Buruku da Udawa mu isa gida, wuyanta ya tsage. Kuɗin biki uku na biya mai ita. Shi ya sa na koma gajeriya.

Mene ne bambancin? Ana auna bes da tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa, daga kan wuya zuwa jakin da ke ɗauke da ita. Wadda aka saba gani, irin Precision da Leo Fender ya fitar a 1951, inci 34 ce, wato kusan santimita 86. Gajeriya inci 30 ce, santimita 76. Kar ku raina ta: Höfner ɗin da Paul McCartney na Beatles ya yi suna da ita gajeriya ce, haka ma Fender Mustang ta 1966.

'Yan injiniya, ga lissafinku. Tsirkiya ta huɗu, wato E, tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, ko a doguwa ko a gajeriya. In kaurin tsirkiya ɗaya ne, ƙarfin ɗaurin da ake buƙata yana bin tsawo sau tsawo. Raba 30 da 34, ka samu 0.88, ninka shi da kansa, 0.78. Ke nan ɗaurin gajeriya ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari. Tsirkiya ta yi laushi, yatsu ba sa shan wuya, ga matakan wuyan kusa da juna. Kiɗan awa uku a tsaye, hannu bai sage ba. Sautin ma ya fi kauri, yana zama daram a ƙarƙashin ganga.

Amma laushin nan yana da illa. In ka ja E da ƙarfi sai ta riƙa dukan ƙarafan wuya, sautin ya dagule. Maganinsa biyu: sa tsirkiya mai kauri, lamba 105, sannan ka kaɗa kusa da jaki. Na biyu, tsirkiyar doguwa ba ta zama daidai a gajeriya, kuma tata wuyar samu gare ta, don haka kar ka bar Kaduna ba ta ajiya a jaka. Da hunturu katako kan bushe, wuya ya ɗan lanƙwashe. A duba shi kafin ranar biki. Sannan ka zaɓi wadda ba ta cin batir.

Babban abin dai shi ne hanya. Har yanzu ba mai son magariba ta same shi a dajin nan da ya haɗe da Kamuku. Tawa a kan cinya nake riƙe ta, ba jiran a kwance kaya, ba cacar baki da direba. Ana tashi biki na rataya, na kama motar farko.

In za ka saya, ɗauki tef ka auna da kanka, don masu shago da yawa duk "bes" suke ce musu. Wanda ke son gwadawa ya same ni a hostel bayan la'asar. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.