Sayar da "Maganin Ƙara Basira" ta Waya: Tambayoyi 4 Kafin a Zuba Jari

Da zarar lokacin JAMB, WAEC da NECO ya gabato, sai tallan "maganin ƙarfin ƙwaƙwalwa" ya cika TikTok, Facebook da WhatsApp. Matashin da ke Dingaya a ƙaramar hukumar Gwaram, mai waya da asusun OPay, zai ga kamar kasuwa ce ta buɗe masa: ya saro daga Kano, ya ɗora hoto, ɗalibai su saya. Kafin ya taɓa jarinsa, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya amsa.

1. Shin kayan suna aiki?

Ganyen ginkgo na cikin abubuwan da aka fi zubawa a irin waɗannan ƙwayoyi. A 2008 aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka kan tsofaffi sama da 3,000, inda aka gano bai hana cutar mantuwa ba. A 2017 kuma hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta maka masu Prevagen a kotu, kuma a 2024 kotu ta hana su cewa kayansu na ƙara ƙarfin tuna abu. Wasu ƙwayoyin kuwa kafin ne a cikinsu, sinadarin da ke cikin goro da shayi: yana kore barci, amma ba ya ƙara fahimta.

2. Me doka ta ce?

Duk abin sha na ƙarin lafiya sai yana da lambar rajistar NAFDAC, kuma tallarsa ma tana buƙatar amincewar hukumar. Lambar da ke jikin kwalba kaɗai ba hujja ba ce, domin masu jabu ma suna bugawa, sai an tantance ta wajen hukumar. A Kano, an mayar da dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro don a riƙa sanin tushen kaya. Wanda ya saro daga wani shafi da ba shi da adireshi, idan aka samu ƙwaya irin tramadol a cikin haɗin, shi NDLEA za ta fara nema.

3. Ina ribar take?

A ɗauka, a matsayin misali, an saro kwalba a kan N6,000 za a sayar N9,000. Kuɗin direba daga Kano ya ci N1,000, data da talla suka ci N1,500. Abin da ya rage N500 ne. Idan kwalba ɗaya ta fashe a hanya ko wa'adinta ya ƙare, ribar kwalba 12 ta tafi. Ga kuma kasuwar ta lokaci ce: jarrabawa na wucewa, ciniki ya tsaya.

4. Mai saye zai dawo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi. Kasuwancin intanet yana tsayawa ne da wanda ya saya ya sake dawowa. Ɗalibin da ya shanye kwalba guda bai ga canji ba, ba zai ƙara saye ba. Kuma tsakanin Dingaya, Sara da Birnin Kudu kowa ya san gidan kowa. Kunya ba a shafi za ta tsaya ba, har ƙofar gida za ta zo.

A taƙaice

Idan mai talla ya faɗi gaskiya, kayan ba za su tafi ba. Idan ya yi alƙawarin cin jarrabawa, ya saɓa doka kuma ya zubar da mutuncinsa. Sana'ar da ba ta tafiya sai da ƙarya ba wurin zuba jari ba ce. Buƙatar ɗaliban dai gaskiya ce, kuma wayar nan za ta iya biyanta ta wata hanya: koyar da amsa tambayoyi a kwamfuta irin na JAMB, ko darasi a rukunin WhatsApp kan kuɗi kaɗan. Wanda kuma mantuwa ta dame shi, likita ya kamata ya gani, kamar a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.