Tsamin Ruwa da Kiwon Kifi

Mai kiwon tarwada a Danko ta ƙasar Zuru da mai renon murjani cikin akwatin gilashi a Turai, matsala guda ke damunsu, wato tsamin ruwa. Ana auna shi da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, kuma saukar lamba ɗaya tana nufin tsamin ya ninka sau goma. Murjani yana bukatar wajen 8.1 zuwa 8.4, in ba haka ba ginin ƙashinsa ya yi rauni. Tarwada ta fi juriya, amma ƙasa da 6 girmanta yakan ragu, a 4 kuwa sai mutuwa.

Da dare gansakuka takan daina zuƙar iskar kabon, alhali kifi yana ta fitar da ita, sai ta narke ta zama asid. Saboda haka awon asuba ya fi na la'asar faɗin gaskiya.

Matakin farko shi ne motsa ruwan domin iskar ta fice. Idan kuwa tsamin daga ƙasar kududdufin yake, sai a barbaɗa garin farar ƙasa, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa. Amma kaɗan-kaɗan ake zubawa, domin canjin gaggawa shi ma yana kashe kifi.