Amsar Tambaya: Na'urar Numfashina Tana Huci

Tambaya: Ina aikin nutso a Bahar Maliya, kusa da Port Sudan. Kwanan nan na'urar da nake shaƙar iska da ita tana huci ko ban ja numfashi ba. In ci gaba da shiga ruwa da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye ta tukuna. Na'urar nan hawa biyu ce. Na farko, wanda ke manne da silinda, shi ke sauko da matsin iska daga wajen bar 200 zuwa kimanin 10. Na biyu shi ne wanda kake cizawa a baki. Idan hucin ya fara nan take da ka buɗe silinda, galibi yashi ne ko busasshen gishiri ya maƙale a na bakin, ko robar da ke toshe iskar ta cinye. Amma idan sai ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta soma, to hawan farko ne ke yoyo, matsi yana taruwa a hankali. Wannan ya fi haɗari, kuma aikin ƙwararre ne mai ma'aunin matsi. Kada ka kwance ta da sukundireba a gida.

Sanyi ma yana kawo huci: ruwa mai sanyin ƙasa da digiri 10 yana iya sa ƙanƙara ta riƙe bawul ɗin na'urar, amma ruwanku bai kai nan ba.

Bayan gyara, riƙa jiƙa ta a ruwan daɗi duk fitowa, murfin hawan farko a rufe, kuma kar ka danna maɓallin sakin iska tana cikin ruwan alhali ba ta kan silinda. A kai ta sabis duk shekara, ko yadda kamfaninta ya tsara.