Filin Shawarwari: Takalmin Sassarfa da Zai Biya Kuɗinsa

Wasiƙar mai karatu

 Matsalar da ta sa aka rubuto wannan wasiƙa ita ce ta zaɓen takalmin gudu mai inganci wanda bai fi ƙarfin aljihu ba. Mai wasiƙar ma'aikaci ne da ya haura shekara arba'in, wanda likita ya umarta da motsa jiki saboda hawan jini, kuma yakan yi sassarfa ta kilomita 5 a kan kwalta sau uku a mako bayan sallar asuba. Kambas ɗin da yake sawa na gwanjo ne, ko ɗinkinsa bai warware ba, amma ƙwaurinsa da gwiwarsa sun soma ciwo. Abokansa sun rabu biyu, wasu na cewa ya sayi irin na zakarun gudu komai tsadarsa, wasu na cewa duk kambas ɗaya ne. Yana roƙon Malam ya haska masa hanya. Allah Ya ƙara wa Malam basira.

Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa

 Allah Ya ƙara wa mai tambaya lafiya, Ya kuma ba shi ikon ɗorewa a kan wannan kyakkyawar al'ada.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne cewa ran takalmin gudu yana cikin sashen da ido bai cika kulawa da shi ba, wato soson tsakiya, wanda yake tsakanin shimfiɗar da tafin ƙafa ke takawa da robar da ke taɓa ƙasa. Yawancin kamfanoni suna yin sa da wata roba mai ƙananan kumfan iska da ake kira EVA, kuma aikinsa shi ne ya shanye wani ɓangare na dukan da jiki ke sha duk lokacin da ƙafa ta sauka, dukan da kan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin mutum idan yana gudu. Wannan soso yana mutuwa ne a hankali, galibi bayan kilomita 500 zuwa 800, alhali saman takalmin yana nan da kyansa. Mai yin kilomita 15 a mako, kamar mai tambaya, zai cinye kilomita 600 cikin mako 40, saboda haka lissafin da ya dace shi ne a raba kuɗin takalmi da tafiyar da ta rage a cikinsa.

A nan ne gwanjo ke yaudarar mutane, domin wanda ya fara sa takalmin a wata ƙasa sau da yawa bai rabu da shi ba sai da ya ji sosonsa ya kwanta. Mai wannan fili ba ya haramta gwanjo, tun da akan dace da wanda ba a sa ba sai kaɗan, amma wajibi ne a gwada: a ɗora takalmin a kan tebur a ga ko ya karkace gefe guda, a duba ko gefen soson ya yi tamoji mai zurfi, a danna shi da babban yatsa a ji ko yana dawowa, sannan a juya ƙasansa a ga ko zanen robar ya shafe a wajen diddige. Wanda ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan, araharsa ta zama tsada.

Dangane da takalmin zakaru kuwa, irin wanda kamfanin Nike ya fitar a 2017 da sunan Vaporfly, mai ɗauke da falle mai tauri na kabon a cikin sosonsa, an ƙera shi ne domin rage mintuna a gasa, har ma hukumar guje-guje ta duniya ta ƙayyade a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin gasar titi kada ya wuce milimita 40. Irinsa yana saurin lalacewa, kuma ba ya ƙara wa mai sassarfar neman lafiya komai. Abin da ya fi dacewa shi ne takalmin atisayen yau da kullum daga kamfanoni irin su Asics, Brooks, New Balance, Adidas ko Nike ɗin kansa, musamman samfurin bara, wanda farashinsa kan sauka idan sabo ya fito ba tare da ingancinsa ya ragu ba. Sai dai a yi hattara da jabu, wanda akan gane shi ta warin gam, da karkataccen ɗinki, da lambar cikin harshen takalmi da ta saɓa wa ta jikin kwali.

Dacewa da ƙafa ta fi suna muhimmanci. A je gwaji da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da ake gudu da ita, a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, diddige kuma ya zauna daram ba ya zamewa. Akwai kuma abin da ake kira gangare, wato bambancin tudu tsakanin diddige da gaban takalmi, wanda a yawancin na atisaye yake tsakanin milimita 8 da 12. Komawa mai ƙarancin gangare farat ɗaya kan jawo ciwon agara da sha-raɓa.

Idan an saya, a keɓe shi ga gudu kaɗai, kada a shanya shi a tsakiyar rana ko a bar shi cikin mota, domin zafi yana gajarta kwanan soso. Ciwon ƙwaurin kuma, in ya wuce mako biyu bayan an sauya takalmi an rage tafiya, ko ya tattaru a wuri guda a kan ƙashi, to a koma wurin likita ya duba.