Abin da jini ke faɗa a kan nimoniyar yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a 2019, kuma alƙaluman UNICEF na 2018 sun sa Nijeriya a gaban kowace ƙasa da mutuwar yara kusan 162,000. Mu da ke aiki a ɗakin yara mun san gane ciwon ba shi ne babbar wahala ba. Wahalar ita ce rarrabe yaron da amoksisilin zai ishe shi a gida da wanda dare ɗaya zai iya tafiya da shi. Saboda haka ne aka zuba ido a kan gwajin jini, kuma ra'ayina shi ne mun fi ɗora fata a kan gwaje-gwaje masu tsada, muka bar masu araha waɗanda suka fi su faɗin gaskiya.

Biyun da aka fi ambata su ne CRP da furokalsitonin. CRP sinadari ne da hanta ke zubawa cikin jini idan jiki ya shiga faɗa da cuta; yakan fara hawa bayan wasu sa'o'i, ya kai ƙololuwa cikin kwana biyu. Furokalsitonin ya fi shi saurin tashi, kuma ya fi karkata ga cutar bakteriya fiye da ta bairos. Amfaninsu a fili yake, sai dai labarin zafin faɗan kawai suke bayarwa, ba sa faɗin ko huhu na iya kai iska ga jini. Ga kuma wata matsala tamu ta gida: zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga su duka biyun. A Kano ko Maraɗi cikin damina, CRP mai yawa na iya zama aikin maleriya, huhu kuwa lafiya lau. Yaro mai tamowa kuma jikinsa kan kasa nuna alamun faɗan yadda ya kamata, alhali shi ne ya fi kusa da haɗari.

Ma'aunin da ya fi hango mutuwa shi ne yawan oksijin cikin jini, kuma ba a buƙatar allura kafin a san shi. 'Yar na'ura ce ake maƙala wa yaro a yatsa. Idan ta nuna ƙasa da kashi 90, yaron na buƙatar gado da oksijin, ko da leɓensa bai sauya launi ba. Bayanta sai gwajin ƙarancin jini, domin huhun da ya raunana da jinin da ya yi ƙasa ba ƙaramin nauyi ba ne ga zuciya, musamman ga masu sikila. Sai na sukari, da na maleriya. Duka ukun nan ɗigon jini daga yatsa ya wadatar, kuma kowanne yana sauya abin da za a yi wa yaro nan take.

Wani zai ce wannan rage wa talaka darajar magani ne. Ban yarda ba, domin gwajin da sakamakonsa sai gobe, ko wanda uba zai sayar da akuya kafin ya biya, jinkiri kawai yake ƙarawa. Akwai hujja mafi ƙarfi: ƙarancin CRP ko furokalsitonin kan ba likita ƙwarin gwiwar janye maganin bakteriya, a rage shansa barkatai. Wannan gaskiya ne, kuma a asibitin da ke da halinsu ya dace a yi amfani da su, amma tare da gwajin maleriya, bayan an duba yaron da ido.

Duban kuwa uwa ma za ta iya fara shi. A ƙirga numfashi minti ɗaya cif yaro na kwance shiru: numfashin ya yi sauri idan ya kai 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa 11, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Idan ƙasan haƙarƙari na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko yana jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, a tafi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.